Hakama a Birnin Masu Ɗanɗano

Kowa ya san halin gawo. Da rani, lokacin da sauran itatuwa suka tsaya tsirara, shi yake cika da ganye. Damina na sauka, daji na yin kore, sai shi kuma ya kaɗe nasa ya tsaya ƙwarangwal. To, ka taɓa tambaya ina ganyen nan yake zuwa? Kada ka ce mini ƙasa yake zuba, ni ma da haka na zata. Mace ɗaya ce ta bi shi har masaukinsa, Hakama ta Kwarin Maje, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ta ba.

A wata shekara, fara ce ta sauka wa Kwarin Maje ana gab da girbi, ta cinye gero har kara. Rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. Maza suka yi kudu neman hatsi, har da Nomau mijin Hakama, ya bar ta da gwaggonsa Tabawa, tsohuwa mai zafin baki, da kuma 'yarsu ta goye. Sunan yarinyar Yalwa, domin an haife ta gero na kan bunƙasa, ana ganin shekarar ƙoshi ce. Allah sarki! Kafin ruwan farko ya sauka, yunwa ta busar da nonon Hakama ƙaf. Yarinya ta kama ta ja, ta ja, ta saki, ta fashe da kuka.

Hakama kuwa dama ba ta da zama. Mace ce da in ta ɗora tukunya sai ta buɗe ta sau goma kafin ta tafasa. Yanzu ga yunwa ga kukan 'ya, sai ta zama ba ta iya ko tsuguno, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa bakin rijiya.

Abin haushin, bayan gari cike yake da anza, wani ɗan gajeren itace da ba ya bushewa, ya yi 'ya'ya birjik, ƙwayarsa kore kamar ta wake. Ɗaci gare ta na fitar hankali. Wasu mata sun dafa sun daure sun ci, cikinsu ya murɗe, har aka binne biyu. Duk da haka ana raɗe-raɗin cewa mutanen zamanin da sun san yadda ake cire mata dafi.

Hakama ta durƙusa gaban tsohuwa ta ce, "Gwaggo, don Allah, an ce a yunwar da aka yi kina yarinya anza ta riƙe garin nan. Yaya ake yi da ita?"

Tabawa ta zaro ido. "Wa ya ce? Uban wa ya ce? Mu 'yan Kwarin Maje ba mu taɓa cin anza ba! So kike mutanen Dabagi su sake samun abin tsokanarmu?"

Nan fa matsalar take. Dabagi gari ne na maƙwabta, abokan wasansu, kuma bayan waccan yunwa sun yi shekaru suna kiransu maciya anza, a kasuwa, a gidan biki, har a wurin jana'iza. Kunya ta ishi dattawa, suka yi rantsuwa ba mai ƙara ambaton abin. Iyaye suka yi gum, suka mutu da shi a ciki. Ka ji wauta! Don gudun dariya suka binne abin da ya raya su.

Hakama ta saɓa goyo, ta ɗauki ƙwarya, ta fita da tsakar rana, lokacin da mai hankali ba ya shiga daji. Ta cika ƙwaryar da anza, ba ta ma san me za ta yi da ita ba. Hadari na haɗuwa a gabas, ta tsaya gindin wani babban gawo ta gyara majanyi, sai ta ga ganye na zubowa amma ko ɗaya ba ya taɓa ƙasa. Yana kaiwa daidai kanta sai ya juya, ya jeru, ya yi arewa.

Bakinta ya riga hankalinta, ta ce, "Salamu alaikum, masu wurin nan."

"Wa alaikumus salam, 'yar Adam."

Ɓawon gawon ya tsage, wani dogon dattijo ya fito, fatarsa fara-fara mai tsagi, ƙaya jere a girarsa. Ya ce, "Ni ne Magajin Gawo. Na daɗe ban ji sallama daga garinku ba. Me ya fito da ke a wannan lokaci, da goyo a baya?"

Ta zube ta ce, "Ranka ya daɗe, 'yata ce za ta mutu. Ku da kuke cikin itatuwa, ku faɗa mini yadda ake cin anza."

"Kin yi kuskuren ƙofa. Mu mun san yadda ake tsirowa, ba mu san yadda ake ci ba. Wannan ilimin bakinku ne ya samo shi, ku mutane. Sai dai ganyena yana tafiya kowace damina ya yi wa Birnin Masu Ɗanɗano inuwa. In kin iya bin sa, a can za ki tambaya. Amma da sharaɗi."

"Na yarda."

"Ban faɗa ba tukuna."

"Ranka ya daɗe, faɗi muna tafiya!"

Ya yi dariya har ƙayar girarsa ta kaɗa. "Abin da kika koyo, ba za ki ɓoye shi ba. Kowace shekara, ko rumbunku na tsagewa don cika, za ki yi shi a fili, inda masu dariya za su gan ki."

Ta ce ta ɗauka. Ya hura mata iska a ƙafa, ta bi ganye a guje, ƙasa na naɗewa a ƙarƙashinta kamar tabarma.

Ba ta ankara ba sai ga ta a wani daji na karangiya zalla, kowane kai ya fi ta tsawo. Ta kutsa da ƙarfi, suka cafke ta, zani da gashi da majanyi, har ta kasa ɗaga ƙafa. Muryoyi ƙanana suka taso ta ko'ina: "Ke mai sauri, me kika sani game da mu?"

Ta ce, "Na san ku da mugunta! Ku sake ni!"

Suka ƙara matsewa, Yalwa ta tsandara ihu. Nan Hakama ta tuna wata Buzuwa da ta taɓa sauka garinsu da ayarin gishiri, tana sussukar karangiya a turmi, yara na yi mata dariya. Ta ce, "Ku yi mini afuwa. Na ga wadda ta daka ku, ta sheƙe ƙayarku, ta fitar da tsaba ta yi wa 'ya'yanta tuwo. A wurinmu ku ƙaya ce, a wurinsu ku hatsi ne."

Sai suka sake ta ɗaya bayan ɗaya, suka kwanta suka ba ta hanya.

Daga nan ta iske wani kogi fari fat, yana gudu ba ƙara. Ƙishi ya sa ta kai hannu, sai warin ya bugi hancinta, ta gane ruwan tumfafiya ne, wanda ɗigonsa ɗaya ke makantar da ido. Ganyen gawo kuwa ya riga ya haye, yana neman ɓace mata. Ta yi sama da ƙasa a bakin kogin tana cizon yatsa, har ta ga busassun itacen tumfafiyar zube a gaɓa, marasa nauyi, irin waɗanda ake jerawa a rufin ɗaki. Ta yage bakin zaninta ta ɗaure su wuri ɗaya, ta lulluɓe fuskar Yalwa, ta kifa ƙwaryar anza a cinyarta, ta runtse ido ta tura. Feshin kogin na sauka a kumatunta yana ƙuna, wani abu a ƙarƙashin ruwa yana kiran sunanta da muryar Nomau, yana cewa ta buɗe ido ta gan shi. Wallahi ta so ta buɗe. Ba ta buɗe ba har itacen ya daki tudu.

Da ta goge fuska ta duba, sai ga birni ba ganuwa ba ƙofa. Rana tsaye take cak a samansa, ba ta gaba ba ta baya, ganyen gawo ya taru ya yi masa rumfa. Ko'ina mutane ne zaune, kowa a gindin wani tsiro, kowa da irin shigarsa da harshensa: Fulani, Barebari, Gwarawa, da waɗansu da ba ta taɓa ganin irinsu ba. Wannan na riƙe da saiwa, wancan da ganye, wata da naman kaza.

Wata mata mai tsagar Kwarin Maje a kumatu ta taso daga gindin anza, leɓɓanta sun yi baƙi sun tsattsage. Ta ce, "Maraba da 'yar gida. Ni ce Yada."

Hakama ta gaishe ta, ta ce, "Iya, nan ina ne? Ku su wane ne?"

"Duk abin da kuke ci a daji kuna ƙoshi, da wanda kuke sha ku warke, wani ne ya fara sa shi a baki bai san abin da zai biyo baya ba. Mu ne waɗanda abin bai yi wa daɗi ba. Kada ki tsorata. Mu kanmu muna kaburburanmu, Allah Ya ji ƙanmu. Wannan da kike gani, abin da bakinmu ya sani ne ya ɗauki siffarmu. In ana aiki da shi a duniya, muna nan lafiya. In an manta, ɗacin ya dawo mana sabo. Dubi bakina, aikin 'yan garinku ne."

Hakama ta ajiye ƙwarya ta ce, "To Iya, faɗa mini da sauri in koma."

"Da sauri? Hm. Zo ki gaida waɗanda suka riga ni tukuna."

A gindin anzar akwai wasu biyu. Na farko wani Buzu ne mai rawani, Agali, wanda guzuri ya ƙare masa a hamada ya ci ta ɗanya. Ya ce, "Miƙo harshenki, 'yar Adam." Ya taɓa shi da yatsa. Kai! Ɗacin ya hau mata har ƙwaƙwalwa, ta durƙushe tana kakari. Ya ce, "Wannan shi ne nawa. Abokin tafiyata ya ga abin da ya same ni, shi ya fara shanya ta ya ɓare ya dafa. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ta biyun wata gajeriyar mata ce mai fara'a. Hakama na ganin tsagarta ta riƙe baki. "Ke ba 'yar Dabagi ba ce?"

Matar ta ƙyalƙyale da dariya. "Ni ce fa, Ladingo. Mun riga ku ci, mun kuma riga ku musantawa. Ni na dafa ta da toka, ɗacin ya karye, na ce shi ke nan, na cika ciki." Ta taɓa harshen Hakama. Wannan ɗacin bai kai na farko ba, amma yana da wani maƙaƙi mai kama maƙogwaro. "In kin ji wannan, da saura da yawa."

Yada ta ce, "Kullum sai ta yi mini gorin tokar nan. Tashi, 'yata, hura wuta."

Aiki ya kankama. Suka ɓare, suka dafa da toka, suka tsane, Yada ta kai ta bakin wata ƙorama ta sa ta zuba ƙwayar a tulu ta cika da ruwa. Ta ce, "Nawa ke nan. Jiƙo. In ruwan ya yi kore ya yi kumfa, ki zubar ki sake sabo."

"Sau nawa?"

"Ba a ƙirgawa. Anzar tudu daban, ta kwari daban. Harshe ne ke faɗa."

Tirƙashi! A ce Hakama ce za ta zauna jiran jiƙo. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa tulu, ta zagaya shi, ta sake leƙawa. Rana ba ta motsi balle ta san lokaci na tafiya. Ruwa ya yi kore, ta zubar, ta sake. Ta ɗanɗana, ta tofar. Kukan Yalwa da ke cika wuri ya koma ƙaramin nishi, Hakama na tsoma yatsa a ƙorama tana ɗiga mata a baki. Wata Bafillatana ta taso daga nata gindin ta miƙo mata wani ɗan haki mai fitar da farin ruwa, ta ce, "Nonon kurciya ke nan, yana kawo nono. Amma ba ya aiki a kan cikin wofi. Riƙe shi sai kin ci." Hakama ta soke shi a ɗankwali ta ci gaba da zagaya tulu, har sawunta ya yi rami a ƙasa.

Ruwa bayan ruwa, har aka zo wani da ya fito kusan garau. Ta ɗauki ƙwaya ta tauna. Babu ɗaci! Sai can a ƙarshen harshe, bayan ta tofar, ta ji wani ɗan abu siriri, wanda in ba ka nema ba ba za ka ji shi ba. Daidai lokacin ta lura bayanta ya yi shiru. Ta kwance goyo. Yalwa ta yi laƙwas, ido a rufe, maɗigarta ta faɗa, numfashin sai ka kai kunne.

Hakama ta cusa hannu a tulu ta damƙo cike da tafi.

Yada ta riƙe mata wuyan hannu. "Miƙo harshenki." Ta taɓa shi. Ɗan abin nan ne siriri, shi ne sak, ba bambanci.

Yada ta ce, "A nan na ci. Ni ma da ɗa a bayana, shi ma ya yi shiru kamar wannan. Na ce ai wannan ba ɗaci ba ne. Na ci na ƙoshi, ban ga wata safiya ba."

Hawaye ya ɓalle wa Hakama. "Iya, in na jira ta mutu fa?"

"Tana iya mutuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. In kin ci yanzu kuwa, ku biyu ne."

"To saura ruwa nawa? Yaya ɗanɗanonsa yake in ya yi?"

"Ban sani ba, 'yata. Duk birnin nan ba wanda ya san ɗanɗanon abin da ya yi daidai. Kowannenmu ya san inda ya kuskure ne kawai. Ƙanwata ce ta ga gawata ta ƙara ruwa, ta ci ta rayu, ta shayar da ɗana. Shi ya haƙa rijiyar Kwarin Maje, ku duka jikokinsa ne."

Hakama ta dubi abin da ke tafinta, ta dubi 'yarta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa yin abu mai wuya kamar buɗe hannun nan ba. Ta buɗe, ƙwayar ta koma tulu. Ta zubar da ruwan ta ɗebo sabo. Sannan, abin da ba a taɓa gani ba, ta zauna. Ta rungume Yalwa a ƙirji, ta sa leɓenta a kan hancin yarinyar don ta riƙa jin iskar da ke fita, tana kiran sunan Allah. Ƙafarta na rawa tana son tashi, ta danne ta da hannu. Mutanen birnin suka bar gindin itatuwansu suka kewaye ta.

Da ruwan ya ɗauki abin da zai ɗauka, ta tauna ƙwaya ɗaya, ta jira. Ta laluba harshenta gaba da baya, ta nemi na Agali, babu. Ta nemi na Ladingo, babu. Ta nemi ɗan siririn nan na Yada, ta sake nema, babu shi.

Yada ta matso. "Yaya yake?"

"Iya, lami ne. Kamar dafaffen wake ba gishiri."

"Shi ke nan?"

Hakama ta ɗauki ɗaya ta sa mata a baki. Yada ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa, baƙin leɓenta na washewa. Ta ce, "Ashe haka yake. Ruwa ɗaya ne tsakanina da shi."

Hakama ta ci, ta ci, ta murza nonon kurciya a ruwa ta shanye. Ta sa Yalwa a nono, yarinya ba ta kama ba. Ta matsa, ba komai. Ta ƙara ci, ta jira, ta sake matsawa, sai ga ɗigo ɗaya ya fito, ta shafa mata a leɓe. Ɗan bakin ya motsa. Ya sake motsawa. Can sai ta kama, da rauni da farko, daga baya ta ja da ƙarfin da ya sa uwar ta ce, "Wash!" Ladingo ta rangaɗa guɗa, birni ya ɗauka.

Ganyen gawo ɗaya ya sauko ya taɓa goshin Hakama, ta buɗe ido ta gan ta a bayan garinsu, ruwan sama na dukanta, tulu a gabanta, Yalwa na tsotso.

Ba ta shiga da shi gida ba. A bakin rijiya ta dire tulun, ta ƙwala wa matan gari kira, ta nuna musu tun daga ɓara har jiƙo, ta ba kowace ta ci. Tabawa ta dogaro sanda ta zo tana faɗa tun daga nesa, wai an tona musu asiri. Hakama ta miƙa mata a ludayi. Tsohuwa ta kau da kai, ta sake juyowa, ta ɗauki ɗaya ta tauna da dasashi. Sai ga hawaye.

Ta ce, "Innata da ɗan gishiri da daddawa take haɗa mana ita. Ina leƙen tulun, tana korata, wai kada in iya."

Anza ta riƙe Kwarin Maje har sabon gero ya nuna, Nomau ya dawo ya tarar da 'yarsa tana rarrafe. Shekara ta zagayo da albarka, rumbuna suka cika, mutane suka fara cewa to, a bar maganar nan haka. Hakama ta ɗauki tulunta ta kafa shi a bakin hanyar kasuwa, inda 'yan Dabagi ke wucewa. Suka yi dariya har da riƙe ciki, suka sa mata Hakama mai anza, sunan ya bi ta har tsufa. Takan ce musu, "Ku gaida Ladingo," su tsaya suna kallon juna.

Da Yalwa ta yi wayo, uwar ta zaunar da ita gaban tulu, a gindin gawon nan da ya kaɗe ganye. Ba anzar da ta gama jiƙa ta fara ba ta ba. Ta tsamo ƙwaya daga ruwan da ya fito kusan garau, ta ce ta tauna ta tofar.

Yarinya ta tauna ta tofar ta ce, "Inna, ai ya yi."

Hakama ta ce, "Sake nema, can ƙarshen harshe."

Yalwa ta ɗan yamutsa fuska. "Akwai wani abu kaɗan."

"Riƙe shi da kyau, kada ki manta. Sunansa Yada. Tashi ki ɗebo ruwa."